Ƙasar da ba ta ƙera harsashinta, kwana nawa za ta yi a fagen daga?

Injiniya_Jubail:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da nake so mu tattauna, musamman masu harkar ƙarfe, lantarki da sinadarai a cikinmu. Duk lokacin da aka yi bajekolin makamai a Riyad sai hotuna su cika waya, jirage da tankoki da motoci masu sulke, mutane su ce ƙasa ta shirya. A ganina yawan makamin da ke jibge ba shi ne shiri ba. Abin dubawa shi ne, harsashin da aka harba yau, cikin kwana nawa za a mayar da gurbinsa, kuma daga ina zai zo?

Ga lissafi. Kafin yaƙin Yukiren ya ɓarke a Fabrairun 2022, Amurka na ƙera harsashin igwa mai faɗin milimita 155 kimanin 14,000 a wata. A wasu lokutan yaƙin Yukiren kaɗai na harba 6,000 zuwa 7,000 a rana. Aikin wata guda ke nan bai kai wutar kwana uku ba. Tarayyar Turai ta yi alkawarin harsashi miliyan ɗaya zuwa Maris 2024, wa'adin ya cika da kusan rabi kawai a hannu. Waɗannan ƙasashe ba kuɗi suka rasa ba, maƙera suka bari ta mutu.

A nan Saudiyya kuwa, takardar shirin Ru'uya 2030 da aka fitar a 2016 ta ce kashi 2 cikin 100 kacal na kuɗin kayan soja ake kashewa a cikin gida, ana son kai shi kashi 50. Tambayata ita ce, ana iya gina masana'antar soja a inda masana'antun farar hula ba su yi kauri ba?

Abu_Hafsa_Jidda:
Wa alaikumus salam Injiniya. Ban yarda da kai gaba ɗaya ba. Masana'antar harsashi a lokacin zaman lafiya asara ce tsagwaronta. Mai saye ɗaya gare ta, wato gwamnati, ita kuma ba kowace shekara take buƙata ba. Za ka biya albashi, ka biya wuta, ka kula da injuna, layi na tsaye. Harsashin da ka ƙera a gida sai ya fi na waje tsada domin ba ka ƙera da yawa. Ƙasa mai kuɗi, me zai hana ta saya ta tara na shekaru a rumbu? Ba a fafe gora ranar tafiya, na yarda, amma ai sayen gora fafaffe ma shiri ne.

Sarkin_Walda_Yanbu:
Alhaji Abu Hafsa, bari in fara da gangar harsashin kanta, don a ga dalilin da ya sa kuɗi ba ya gaggauta aikin. Sandar ƙarfe ake yankawa gunduwa-gunduwa, a gasa ta sama da digiri 1,000, injin matsi ya huda cikinta ya miƙar da ita ta zama kamar doguwar kofi. Daga nan a sassaƙe bayanta, a sake gasa bakin a matse shi ya tsuke, a kai ta tanda a ƙona a tsoma don ƙarfen ya yi taurin da ake so, a sake sassaƙa ta zuwa awo na ƙarshe, a ɗaura zoben jan ƙarfe a gindinta wanda zai kama zaren cikin bututun igwa, a gwada, a yi fenti.

Kowane mataki da inda yake lalacewa. Idan huda ta karkace, gefe ɗaya ya fi kauri, harsashi zai yi lilo a sama ya sauka inda ba a nufa ba. Idan wuta ta yi ƙasa ana tsakiyar ƙonawa, duk abin da ke cikin tanda ya tashi daga aiki. Idan akwai tsaga da ido ba ya gani, zai iya fashewa a cikin igwa ya kashe masu harbi. Shi ya sa ake bi da su ta na'urar sauti mai gano tsaga.

Injin matsin nan ba kayan kanti ba ne. Oda ake bayarwa, a jira shekara ɗaya zuwa biyu, a haƙa masa gindi a zuba kankare, a kafa, sannan a yi watanni ana daidaita shi. Masu ƙera irin waɗannan injuna ƙalilan ne, Jamus, Japan, Italiya, Sin da wasu. Ranar da yaƙi ya tashi kowa layi ɗaya yake bi.

Ummu_Khalil_Dammam:
Malam Sarkin Walda ya yi bayani mai kyau, sai dai gangar ita ce mai sauƙin. Abin da ya fi ɗaure Turai da Amurka shi ne abin da ake zubawa a ciki da albarushin da ke tura shi. Harsashin 155 samfurin M795 nauyinsa kusan kilo 47, a cikinsa akwai sinadarin fashewa na TNT kusan kilo 11. Amurka ta sa wa kanta burin 100,000 a wata. In da TNT za a cika su duka, tan 1,100 ke nan kowane wata. Alhali ta daina sarrafa TNT a gida tun shekarun 1980, tana saye daga waje, musamman kamfanin Nitro-Chem na Polan. Sai a ƙarshen 2024 ta ba da kwangilar sabuwar masana'anta a jihar Kentaki.

Albarushin zamani kuma tushensa auduga ne, gajeren gashin nan da ke manne da guryar auduga bayan an gurza. Kaso mai yawa na wanda Turai ke amfani da shi daga Sin yake zuwa. Ka ga harsashi ya haɗa ka da manomin auduga da mai gurza.

Game da tarawa a rumbu da Alhaji ya kawo, albarushi ba gero ba ne. Yana ruɓewa a hankali da kansa, shi ya sa ake haɗa shi da sinadarin da ke shanye abin da yake fitarwa. Zafi na gaggauta cinye sinadarin nan. A ƙasar da rani ke haura digiri 45, rumbun da ba a binne shi ko sanyaya shi ba yana rage rayuwar kayan sosai. Dole kowane rukuni a riƙa ɗibar samfuri ana kai wa ɗakin gwaji, wanda ya gaza a lalata shi. Idan aka yi sakaci, mun san abin da ya faru a barikin Ikeja ranar 27 ga Janairu 2002, inda sama da mutum 1,000 suka rasu, akasarinsu a cikin magudanar ruwa suna gudu. Allah Ya jiƙansu. Mai tarawa ma sai yana da masana da ɗakin gwaji.

Ɗan_Madina:
Amin. Hajiya, to ashe ta wannan ɓangaren Saudiyya na da sa'a, tunda ga kamfanonin SABIC da Ma'aden suna fitar da ammoniya, sinadarin da ake yin takin zamani da shi, tuli?

Ummu_Khalil_Dammam:
Rabin sa'a ce, ƙanena. Ammoniya ita ce uwar asid ɗin da ake buƙata, kuma ƙasar da ke yin takin zamani ta riga ta mallaki gas, injiniyoyi da saba wa aiki mai haɗari. Amma masana'antar abin fashewa gini ne na daban. Fili mai faɗi take so nesa da gari, kowane ɗaki da tudun ƙasa tsakaninsa da na kusa don in ɗaya ya tashi kada ya kama saura, ga ruwan datti mai guba da sai an tace shi. Shekaru ake yi kafin ta fara fitar da kaya iri ɗaya kullum. Ku duba Amurka, masana'antar baƙin albarushi ɗaya tak ta rage mata, a Minden ta jihar Luwiziyana. Ta fashe a Yunin 2021, aka yi kusan shekara biyu babu mai yin sa a ƙasar, alhali ana buƙatar ɗan kaɗan nasa a makamai masu yawa don kunna wuta.

Ɗan_Mai_Wurno:
Salamu alaikum. Ku ba ni dama in kawo na Sudan, domin darasinsa dabam ne. Sudan ba ta yi sakaci da ƙera makami ba. Masana'antar harsashi ta Shajara tun wajen 1960 take. A 1993 aka kafa hukumar masana'antun soja, takunkumin Amurka na 1997 ya ƙara tura ta. Aka gina masana'antar makamai ta Yarmuk a kudancin Khartum, aka buɗe garin masana'antu na Giad a 2000, ga Safat ta jirage a Wadi Sayyidna. Bindigogi, harsasai, rokoki, motoci masu sulke, duk ana yi, har ana kai wa bajekoli a Abu Dabi.

Ina matsalar? Kusan komai a Khartum da kewayenta aka tara. An riga an ga alama a Oktoban 2012 da aka kai wa Yarmuk hari ta sama cikin dare. Da yaƙi ya tashi ranar 15 ga Afrilu 2023, cikin wata biyu faɗa ya isa Yarmuk ɗin kanta, ta fita daga hannun soja. Unguwar masana'antu ta Bahri ta ƙone, matatar mai ta Jaili ta tsaya. Ƙasar da ke alfahari da ƙera nata sai ta koma neman kaya daga waje ta Fot Sudan. Injiniyoyi da masu sassaƙar ƙarfe suka watse, wasu Masar, wasu nan Saudiyya. Ko an sake gina bango, tara mutanen nan wuri ɗaya ba ƙaramin aiki ba ne.

Saboda haka Injiniya, a ƙara wa tambayarka ƙafa ɗaya. Ba "kana ƙerawa?" kaɗai ba, har da "a wuri nawa?"

Bakano_Riyad:
Allah Ya kawo wa Sudan zaman lafiya mai ɗorewa. Abin da zai ba ku mamaki, kamfanin Jamus ɗaya ne, Fritz Werner, ya taimaka wajen kafa Shajara da kuma DICON, masana'antar makaman Najeriya da ke Kaduna, a 1964. DICON ta yi aiki tuƙuru lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970. Bayan yaƙi oda ta ja baya, ta koma haɗawa da kayan farar hula don ta rayu. Wannan ya gaskata maganar Alhaji Abu Hafsa ta wani gefen.

Amma abin da ya fi kassara ta shi ne abin da ke kewaye da ita ya bushe. Ajakuta da aka ba Tarayyar Sobiyet kwangila a 1979 har yau ba a kunna babbar tandarta ba. Masaƙun Kakuri sun rufe ɗaya bayan ɗaya, UNTL ta tsaya a 2007. Michelin ta tashi daga Fatakwal a 2007, Dunlop ta daina yin taya a Legas a 2008. Sharaɗa da Bompai da Chalawa kun san halin da suke ciki. To soja ba bindiga kaɗai yake so ba. Kaki, takalmi, tanti, taya, batir, duk masana'antun nan ne ke yi. A 2014 da ake tsananin buƙata, Amurka ta hana a sayar wa Najeriya jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra. Kayan aro ba ya rufe katara.

Sarkin_Walda_Yanbu:
Gyara kaɗan, Malam Bakano. Mutane na ɗauka da Ajakuta ta tashi shi ke nan an samu ƙarfen makami. Ba haka ba ne. Rodin gini dabam, ƙarfen bututun igwa dabam. Ko Hadeed, masana'antar ƙarfe ta nan Jubail, yawancin abin da take fitarwa rodi ne, waya da faranti. Bututu na son ƙarfe mai gaurayen nikel, kurom da molibdinom, wanda aka tsabtace daga iska da datti, aka ƙera shi a babban injin matsi, aka huda shi tsawon mita shida zuwa takwas ba tare da ya karkace ba, sannan a yanka zare a ciki.

Kuma bututu na cinyewa. Na igwar 155 yakan ɗauki wajen harbi 2,500 da cikakken albarushi. Ɗauki lissafin Injiniya na 6,000 a rana, kana cinye kwatankwacin bututu biyu da 'yan kai kullum, wajen 70 a wata. Amurka duk girmanta wuri ɗaya ke mata manyan bututu, Watervliet a jihar Niyok. Ingila sai da gwamnati ta saye Sheffield Forgemasters a 2021 don kada maƙerar ta rufe. Wanda ya tara harsashi bai tanadi bututu ba, bai gama lissafi ba.

Abu_Hafsa_Jidda:
Na karɓi gyaran Hajiya kan rumbu, ban yi la'akari da zafi yadda ya kamata ba. Amma ku ma kun ƙarfafa maganata ba ku sani ba. Idan Amurka da kanta ba ta iya yin komai a gida, wa zai iya? Mafita ita ce a raba ƙafa. Jamus ta dakatar da sayar wa Saudiyya makamai a ƙarshen 2018, Amurka ta tsayar da wasu a 2021. Me aka yi? An nufi Koriya ta Kudu, a 2024 aka sanar da cinikin makaman kariyar sama na Cheongung na dala biliyan 3.2. An nufi Turkiyya da Sin don jirage marasa matuƙa. In wannan ya rufe ƙofa, wancan ya buɗe.

Makanikin_Jirgi_Zahran:
Alhaji, raba ƙafa na da farashin da ba a gani ranar sa hannu. Kowane sabon samfuri na zuwa da nasa kayan gyara, nasa man, nasa na'urar gwaji, nasa littattafai, nasa horo. Rumbu ɗaya ya zama huɗu. Wannan ƙusa da inci aka auna ta, waccan da milimita. Rediyon wannan ba ya magana da na wancan. Ko harsashin 155 da ake cewa iri ɗaya ne, a Yukiren an ga cewa na kowace ƙasa da nasa jadawalin harbi, sai an daidaita shi da igwar.

A wajen masu gyara, shiri adadi ɗaya ne: cikin jirage goma, nawa za su tashi gobe da asuba. Abin da ke kwantar da jirgi ba kasafai yake zama babban abu ba. Zoben roba ne, famfon mai, katin lantarki. A wannan yanki kuma yashi ne babban abokin gaba. Yana cinye fukafukan cikin inji, yana narkewa a wuri mai zafi ya toshe ƙananan hudojin sanyaya, yana gurje farfelar jirgi mai saukar ungulu. Injin da littafi ya ba shi awa kaza sai a sauke shi tun bai kai ba. Idan babu wurin gyaransa a gida, a sa shi a akwati a tura waje, a jira watanni. Kafin ya dawo sai a fara kwance kayan wani jirgin ana sa wa wani. Da zarar an fara haka, jirgin da aka kwance da wuya ya sake tashi, kuma aikin makaniki ya ninka domin kowane abu sau biyu ake cire shi.

Shi ya sa ni a wurina gyara ya riga ƙerawa. Kamfanonin Saudiyya na Alsalam mai gyaran jirage da AEC mai kayan lantarki da aka kafa a ƙarshen shekarun 1980, daga sharaɗin da aka gindaya wa kamfanonin Amurka na su zuba wani kaso na kuɗin kwangila a cikin gida, sun fi amfani ga shirin yau da kullum fiye da yadda mutane suka sani.

Injiniya_Jubail:
Jazakallahu khairan Malam Makaniki, ka kawo mu inda nake so. Hukumar GAMI mai kula da masana'antun soja a Saudiyya ta sanar da cewa kason cikin gida ya haura 19 cikin 100 a ƙarshen 2023. Ci gaba ne na gaske daga kashi 2. Amma kalmar "na gida" hawa uku ce. Akwai harhaɗawa, kaya su zo a akwati ka ɗaure, kamar jiragen horo na Hawk 22 da aka haɗa a Zahran. Akwai ƙerawa da lasisi, ka yi sassan da kanka amma zane da wasu muhimman abubuwa na mai shi ne. Akwai mallakar zane, inda in wani sashe ya yanke za ka iya canza shi ba ka nemi izinin kowa ba. A takardar kuɗi duka ukun "na gida" ne. Ranar takunkumi na farko kan tsaya cikin makonni.

Sannan a duba yawa. Masana'antun soja na garin Kharj tun 1949 aka ba da umarnin kafa su. A Maris 2016 aka buɗe sabuwar ta harsasan igwa da turmi tare da Rheinmetall Denel ta Afirka ta Kudu, aka ce za ta iya fitar da harsashin igwa 300 ko na turmi 600 a rana. In ta yi aiki kullum ba hutu, 9,000 ke nan a wata, wutar kwana ɗaya da rabi a irin yaƙin Yukiren. Ba raina ta nake ba, don horo da rikicin kan iyaka ta wadatar. Tambayar ita ce ko za ta iya ninkawa sau biyar cikin wata shida, kuma fis, wato abin da ke tayar da harsashin, da albarushin daga ina.

Matashi_Kharj:
Iyayena, da izininku. Ba kwa ganin duk wannan lissafin yaƙin jiya ne? Ranar 14 ga Satumba 2019 jirage marasa matuƙa da makamai masu linzami suka faɗa wa cibiyoyin mai na Abƙaiƙ da Khurais, ganga miliyan 5.7 ta ɗanyen mai a rana ta tsaya. Babu igwa ko ɗaya a ciki. Makamin kariyar sama na Patriot na zamani guda ɗaya wajen dala miliyan 4 ne, jirgin da ake kakkaɓowa da shi 'yan dubun goma. Ƙaramin jirgi kuwa a ɗaki ɗaya ake haɗa shi, ba ya son tanda ko injin matsi. Me zai hana a tsallake maƙera a tafi nan kai tsaye?

Bakano_Riyad:
Tambayarka na kan hanya, ɗana, amma kwance jirgin ka gani. Motar farfela tana da maganaɗisu na ma'adinan da Sin ke tace kusan kashi 90 cikin 100 nasu. Batir, kyamara, ƙwaƙwalwar sarrafawa, rediyo, yawancinsu daga can. Sin ta riga ta nuna za ta iya matse bakin jaka: galiyom da jamaniyom a 2023, antimoni a 2024, wasu ma'adinan maganaɗisu a Afrilun 2025. Ita Turkiyya da kowa ke yabo, a 2020 Kanada ta hana ta kyamarar Wescam da ke kan jirginta marar matuƙi na Bayraktar. Abin da ya cece ta shi ne Aselsan, masana'antarta ta lantarkin soja, na da tata kyamarar a hannu. Aselsan kuwa 1975 aka kafa ta, bayan takunkumin da Amurka ta sa wa Turkiyya kan rikicin Kubrus. Shekara 45 suna gini kafin ranar. Duk da haka tankarsu Altay ta yi shekaru tana jiran inji da Jamus ta hana, sai daga Koriya aka samo.

Kuma jirgin nan ma abin fashewa yake ɗauka, ka koma wurin Hajiya Ummu Khalil ke nan.

Matashi_Kharj:
Na fahimta, Baba. Amma har yanzu ina ganin a nan ne ƙasa mai tasowa za ta fi saurin kamo na gaba. Naɗa motar lantarki da buga faifan lantarki sun fi kusa da hannu fiye da bututun igwa.

Malamin_Warsha_Makka:
Kun yi maganar ƙarfe da sinadari da ma'adini, saura mutum. Injin sassaƙa mai kwamfuta in an biya zai iso tashar Jidda. Wanda zai tsaya a kansa ya gane daga ƙarar inji cewa wuƙa ta dakushe, shi ba a sauke shi daga jirgin ruwa. Mai walda na gari shekara uku zuwa biyar. Mai ƙera mazubi da ma'auni, wanda duk masana'anta ke rataye a wuyansa, ya fi haka nesa. Kuma ba a aji ake koyo ba, a gefen wanda ya iya ake koyo. Idan aka samu giɓin shekara goma ba a aiki, sarƙar ta tsinke.

Ingila ta ɗanɗana. Tsakanin kammala jiragen ƙarƙashin teku na Vanguard da fara Astute, ma'aikatan maƙerar jirage ta Barrow sun ragu daga wajen 13,000 zuwa wajen 3,000. Aikin Astute ya makara da shekaru, sai da aka gayyato injiniyoyi daga Amurka. Makamin kakkaɓo jirage na Stinger da Amurka ta so ƙara ƙerawa bayan 2022, an tarar wasu sassansa an daina yin su, kamfanin ya kira tsofaffin ma'aikata da suka yi ritaya su koya wa yara. Da tsohuwar zuma ake magani, amma in tsohon ya riga mu gidan gaskiya fa?

Ɗan Mai Wurno zai tabbatar, Atbara da ake wa kirari da garin ƙarfe da wuta, warshar jirgin ƙasanta ce ta yaye wa Sudan maƙera da masu sassaƙa na tsawon zamani. Da jirgin ƙasa ya durƙushe, makarantar ce ta durƙushe. Haka Peugeot ta Kaduna da aka buɗe a 1975. Masana'antar farar hula ita ce makarantar da soja ke ɗiba daga ciki ba tare da ya biya kuɗin makaranta ba.

Ɗan_Mai_Wurno:
Haka yake, Malam. Har da masaƙu. Audugar Jazira tun 1925 ake noma ta, amma masaƙun da ya kamata su cinye ta yawanci sun tsaya tun kafin wannan yaƙin.

Sarkin_Walda_Yanbu:
Ga amsar damuwar Alhaji ta layin da ke tsaye lokacin zaman lafiya. Kamfanin Poongsan na Koriya shi ke yin harsasan sojansu, kuma shi ne ke sayar wa ƙasashe da dama faifan da ake buga kwabo da shi. Injin murza farantin tagulla ɗaya ne. Ƙwanson harsashi gaurayen jan ƙarfe kashi 70 da tutiya kashi 30 ne. A yanka faranti a mayar da shi ɗan kofi, a ja shi sau da yawa yana tsawo, tsakanin ja da ja a gasa shi don ya yi laushi, a buga gindi, a tsuke wuya. Gindi ake so da tauri, wuya da laushi. Idan ba a gasa wuyan daidai ba yakan tsage a ajiye. Sojan Ingila sun sha wannan a Indiya, ƙwanso na tsagewa da damina saboda tururin fitsarin dawaki a inda aka ajiye su. Mazuban jan kuma na tangistan ne, suna cinyewa, mafi yawan tangistan na duniya daga Sin.

To mai masana'antar tagulla da ke sayar wa masu famfo, lantarki da na'urar sanyaya ɗaki, ba ya jiran odar soja kafin ya biya albashi. Koriya haka ta yi, masana'antar POSCO ta fara zuba ƙarfe a 1973, jiragen ruwa da motoci suka biyo. Shi ya sa da Polan ta sa hannu kan cinikin makamai da Koriya a 2022, kafin shekarar ta ƙare tankoki 10 da igwa 24 sun sauka.

Ɗan_Madina:
To me ya hana ƙasashen yankin haɗa hannu, wannan ya yi ƙarfe wancan ya yi albarushi? Kasuwar ai sai ta yi girma.

Bakano_Riyad:
An gwada. A 1975 Masar, Saudiyya, Ƙatar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka kafa hukumar masana'antu ta Larabawa, kuɗi daga Tekun Fasha, ma'aikata da masana'antu daga Masar. A 1979 Masar ta yi sulhu da Isra'ila, sauran ukun suka janye. Shekara huɗu kacal. Masana'anta na son shekara ashirin, siyasa ba ta ba da wannan tabbacin.

Abu_Hafsa_Jidda:
Misalin Poongsan ya shige ni, Malam. Amma har yanzu wani zai biya. Ɗan kasuwa ba zai sayi injin matsi ya jira yaƙi ba. Kamfanonin Turai abin da suka riƙa faɗa wa gwamnatocinsu ke nan a 2022 da 2023: ku ba mu kwangilar shekaru, mu gina. In ana so layi ya iya ninkawa, sai gwamnati ta biya kuɗin injin da ke zaune, ta sayi ɗan adadi kowace shekara ko ba ta buƙata don hannu kada ya manta, ta tara kayan da ke daɗewa kafin su iso. Wannan kuɗin daga asibiti da makaranta za a cire shi. Ni dai a zaɓi abu biyar ko shida da ake cinyewa kullum, ƙananan harsasai, na turmi da igwa, taya, batir, gyaran inji, a riƙe su da gaske. Jirgin yaƙi a ci gaba da saye.

Makanikin_Jirgi_Zahran:
A jerin nan a ƙara haƙƙin buɗe manhajar jirgi da takardun zanen kayan gyara. Idan ba a rubuta shi a kwangila tun farko ba, kana da injin da zai sassaƙa sashen amma ba ka da izini ko awonsa.

Ummu_Khalil_Dammam:
Alhaji, ko jerin naka ba gajere ba ne in aka bi shi zuwa tushe. Ƙaramin harsashi kaɗai na son tagulla, dalma, antimoni, albarushi da 'yar hular da ke kunna shi. Taya na son roba, baƙin garin kabon da wayar ƙarfe. Yarjejeniyar asusun zuba jari na Saudiyya, PIF, da kamfanin Pirelli ta 2023 ta masana'antar taya a nan, tayar ƙananan motoci ce za ta fara yi, ba ta motar sulke ba. Injiniya, kai da ka buɗe zancen, a cikin biyar ɗin nan wanne kake ganin Jubail da Yanbu za su iya ɗauka daga tushe har ƙarshe ba tare da kwantena ta shigo ba?

Injiniya_Jubail:
Batir mai dalma ne ya fi kusa, Hajiya, domin dalmar daga tsofaffin batura ake narko ta, asid da robar kwandon kuma ana yin su a nan. Gangar harsashin turmi ma za ta yiwu, zubi ce ko ƙira mai sauƙi. Albarushi ne nake ganin zai ɗauki lokaci, sai in an samo madadin auduga daga ɓawon itace kamar yadda wasu masana'antun Turai ke yi, shi ma shigo da shi za a yi. Malamin Warsha, a lissafinka masu ƙera mazubi nawa layin ƙananan harsasai ɗaya ke buƙata in yana aiki dare da rana?